Ƙarin tauri da asarar miƙuwa a matsattsen ƙarfe

Wani rahoto ya ce matse ƙarfe da tsananin ƙarfi ba tare da an narka shi ba yana ninka taurinsa, kuma hakan gaskiya ne, sai dai an taƙaita dalilin. Cikin ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kuma idan aka yi ta tura shi ta lanƙwasasshiyar kafa, dabarar da masanin ƙarfe Vladimir Segal ya ƙirƙiro a Minsk, babban birnin Belarus, a shekarun 1970, ƙwayoyin sukan rarrabu har girmansu ya gaza maikuron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Iyakokin da ke tsakaninsu sai su yawaita, su tare zamewar da ke sa ƙarfe ya lanƙwashe, kamar yadda masana kimiyya Hall da Petch suka bayyana a 1951 da 1953.

Abin da ya dame ni shi ne ba a ambaci asarar ba. Irin wannan ƙarfe yakan rasa miƙuwarsa, ya tsage kafin ya nuna alama, abin da maƙeri ke gani idan ya ci gaba da dukan ƙarfe bayan ya huce. Haka kuma idan zafi ya yi yawa, ƙwayoyin sukan sake girma, taurin ya ragu, shi ya sa ake gasa shi a kan ƙima kafin a ɗora masa nauyi.