Ramin da ke bangon ɗakin ɗalibi a Jamus ya fi alƙawarin waifai kyauta

Duk watan Oktoba, idan sabon zangon karatu ya kama a jami'o'in Jamus, ƙorafi ɗaya ne ke yawo a zauren WhatsApp na 'yan gida da ke nan. An miƙa wa mutum makullin ɗaki, ya shiga, ya duba wayarsa, babu waifai. Sai wani ɗan rami mai kusurwa huɗu a jikin bango kusa da soket ɗin wuta, da takardar da ke cewa ya nemo kebul da rauta, wato na'urar da ke mayar da layin kebul ya zama waifai, da kuɗinsa. Daga nan sai ka ji, "Wai nan ce Turan da ake faɗa? Ai ko ƙaramin otal a Kano ya wuce haka." Ni ban yarda da wannan ƙorafi ba. A ganina ramin nan ya fi gado da teburin ɗakin daraja, kuma shi ne abin da ɗakunan kwanan ɗalibanmu na gida suka rasa.

Ba kowane gidan ɗalibai ne haka ba, sababbin gine-gine da dama suna zuwa da waifai ɗinsu. Amma a tsofaffin gidajen da hukumomin jin daɗin ɗalibai, wato Studierendenwerk, ke kula da su, kebul ɗin nan har yau shi ne ƙa'ida. Da can babu wanda ya damu, domin kowace kwamfuta tana da gurbinsa. Yanzu kwamfutocin cinya sun sirance har gurbin ya ɓace daga yawancinsu, wayar hannu kuwa dama ba ta taɓa samunsa ba. Dole ɗalibi ya mayar da abin da ke fitowa daga bango ya zama na iska.

Aikin ba shi da wuya, amma akwai tarko a ciki. Ka sayi rauta, sabuwa ko ta hannu daga wanda ya gama karatu zai tashi. 'Yar ƙaramar TP-Link ta isa ɗaki ɗaya, ba sai ka kai ga Fritz!Box da Jamusawa ke ji da ita ba. A bayanta za ka ga gurabe, ɗaya mai launi daban an rubuta WAN ko Internet, sauran an rubuta LAN. Kebul ɗin bango a WAN yake shiga. Wanda ya soka shi a LAN ya jawo wa bene guda masifa, saboda aikin rauta ne ta raba wa na'urori lambar adireshi, kuma da zarar ta samu kanta a babban layin gidan sai ta kama raba wa maƙwabta adireshin da ba ya kaiwa ko'ina. Mutum yana kwance a ɗakinsa bai san hawa ba bai san sauka ba, intanet ta ɗauke masa saboda wani a hawa na uku ya kuskure rami. Shi ya sa masu kula da layin ke toshe gurbin ɗakin da suka gano hakan ba tare da dogon zance ba. A wasu gidajen kuma sai ka yi wa na'urarka rajista da lambar shaidarta, wadda ake kira MAC, kafin layi ya buɗe. Idan kwamfutarka ka fara yi wa rajista, to sai ka sauya zuwa lambar rautar. Bayan nan ka canja kalmar sirrin da ta zo da ita, ka kulle waifai ɗin da tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3.

Saura abu ɗaya da mutane ba sa kulawa da shi. Zangon iska na 2.4 GHz da waifai ke bi yana da tashoshi 13 a Turai, amma guda 3 ne aka saba amfani da su don kada su hau kan juna: 1 da 6 da 11. Ka ƙaddara bene mai ɗakuna da yawa, kowa da rautarsa, ga Bluetooth, ga na'urar ɗumama abinci a kicin, duk a zango ɗaya. Cunkoso ke nan. Idan rautarka tana da 5 GHz, koma can. Raunin 5 GHz shi ne ba ya ratsa bango sosai, kuma a gidan ɗalibai wannan raunin alheri ne: naka ya tsaya a ɗakinka, na maƙwabci ya tsaya a nasa.

To me ya sa nake kare tsarin da ke ɗora wa baƙo wannan ɗawainiya? Saboda abin da ke bayan bangon. Kebul ɗin yana sauka zuwa wani ɗaki a ƙasan bene, daga nan a gidaje da yawa ya haɗu da layin jami'a, jami'a kuma tana kan layin bincike na ƙasa na DFN, ƙungiyar da aka kafa a 1984. Kebul irin wannan yana ɗaukar gigabit guda na data a kowace daƙiƙa har tsawon mita 100, bai damu da ruwan sama ba, bai damu da yawan mutanen da ke baranda ba. Waifai dai 'yan takun ƙarshe ne, daga tebur zuwa gado. Idan naka ya lalace, matsalarka ce kai kaɗai, kuma ka san inda za ka taɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne masu riƙe da layin. A Stuttgart akwai Selfnet, a Dresden akwai AG DSN, a babbar unguwar ɗalibai ta Munich akwai StuStaNet. Duk ɗalibai ne 'yan sa kai, su ke ja kebul, su ke saita na'urori, su ke zaman sauraron ƙorafi. Wanda zai gyara maka layi yau, gobe kuna layin cin abinci tare.

Kada a ɗauka ina cewa Jamus ta gama da intanet. Gidaje da yawa a ƙasar har yanzu tsohuwar wayar tagulla ta tarho suke amfani da ita, kuma ka hau jirgin ƙasa ka ratsa ƙauyuka ka ga yadda sabis ke ɗaukewa. Maganata a kan ɗakin ɗalibi ce kawai.

Mu a gida tarihinmu daban ne. Kafin GSM ya shigo Najeriya a 2001, layukan NITEL da ke ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Ba mu taɓa sabawa da waya tana shiga ɗaki ta bango ba, sai muka tsallake kai tsaye zuwa sim. Ana yawan faɗin wannan da alfahari, kuma akwai abin alfahari a ciki. Amma ɗalibi shi ke biyan kuɗin tsallaken. Mai kebul a bango kamar mai famfo ne a tsakar gida. Mai data kuwa ruwan 'yan garuwa yake saye, kowace jarka da lissafinta. Wanda ke lissafi ba ya kallon laccar awa biyu har ƙarshe, ba ya sauke manhaja mai nauyi don kawai ya gwada, sai ya jira dare ya yi nisa a shiga garaɓasar tsakar dare. Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ɗalibin da ke hostal a Zariya ko Sakkwato a aljihunsa ya ji, saboda ba shi da wata ƙofar.

Kuma ba wai babu komai a ƙasa ba. Kebul ɗin ƙarƙashin teku na MainOne ya sauka Legas tun 2010, wasu sun biyo bayansa. An ƙaddamar da NgREN a 2014 don haɗa jami'o'i a layi ɗaya, irin aikin da DFN ke yi a nan. Sai dai a abin da na gani, layi yakan tsaya ne a ofisoshi da ɗakin karatu da cibiyar kwamfuta. Idan aka tashi tunawa da ɗalibai, sai a kafa na'ura ɗaya a kan dogon ƙarfe, a yanke ƙyalle, a ce an kawo waifai kyauta. Ɗaruruwan wayoyi su rufar wa na'ura ɗaya, ga katangar bulo a tsakani. Alamar waifai ta cika a fuskar waya, shafi ya ƙi buɗewa. Ƙarshenta ka ga ɗalibai sun yi dandazo a gindin bishiyar da ta fi kusa da ƙarfen, sauro na aikinsa.

Akwai wurin da gida ya fi daɗi, ba zan ɓoye ba. A hostal ɗinmu "kunna min hosfot" ba roƙo ba ne, kamar aron guga ne ko cokali, kuma wanda ya hana sai an yi da shi. A nan layin ɗakinka da sunanka yake. Duk abin da aka aikata ta cikinsa, kai za a fara nema. Jamus ta shahara da wasiƙun lauyoyi ga masu sauke fina-finai ba da izini ba ta torrent, hanyar musayar fayil tsakanin mutane, wasiƙar da ke zuwa da neman ɗaruruwan yuro. An sassauta doka a 2017 ga masu buɗe waifai ga jama'a, amma wasiƙar ba ta fasa fara isa wurin mai layi ba, kuma yarjejeniyar gidajen ɗalibai da yawa ta hana ba wani layinka. Sai ɗan'uwa ya zo daga gida, ya ce, "Malam, ba ni lambar sirrinka mana kafin in sayi tawa," ka tsaya kana inda-inda. Abin da nauyi a baki. Ni nakan raka shi mu nemo tasa rautar a ranar, in saita masa, kafin nan kuma ya lallaɓa da eduroam, waifai ɗin jami'o'i, a harabar jami'a, tunda duk ɗalibi mai rajista yana da shi.

Na san abin da za a ce min: wuta. Wayar hannu tana da batir, na'urorin da ke raba kebul ba su da shi, kuma hostal ɗin da ke kwana a duhu ba ruwansa da ramin bango. Gaskiya ne. Amma kebul ɗin intanet yana iya ɗaukar wutar da ƙaramar na'urar waifai ke buƙata, fasahar da aka daidaita ƙa'idarta tun 2003. Ma'ana wuri ɗaya za a ba sola da batir a kowane bene, daga nan kowane ɗaki ko baranda ya samu layi da wutar na'urar waifai ɗinsa a igiya ɗaya. Za a kuma ce ɗakunanmu mutum 8 ne ko fiye, ban da 'yan raɓe. Ai wannan hujjata ce: a nan mutum ɗaya ake ja wa kebul ɗaya, a can kebul ɗaya zai wadaci ɗaki guda cike da mutane.

Batun gyara da sata shi ne ya fi tsaya min a rai, domin mun san yadda kayan gwamnati ke ƙarewa idan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi. A nan ne nake ganin tsarin Stuttgart da Dresden zai fi yi mana amfani fiye da na'urorinsu. Kowace babbar jami'a a Arewa tana da sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki, cike da yaran da ke karanta yadda ake haɗa layi a takarda ba su taɓa matse kan kebul da hannunsu ba. A damƙa musu bene ɗaya, a ba su ɗaki mai makulli da ɗan kuɗin da mazauna za su riƙa haɗawa kowane zango. Sababbin hostal da ake ginawa yanzu kuma a binne bututun kebul a bango tun kafin a yi filasta, lokacin da magini ke jan na wutar lantarki. Idan aka bari sai an yi fenti, sai an fasa bango.