Fastocin Stenberg: da hannu aka zana fuskokin nan

Duk wanda ya ga fastocin fim da Vladimir da ƙaninsa Georgii Stenberg suka yi a Mosko a shekarun 1920, yakan ɗauka hotunan kyamara ne aka yayyanka aka manna. Ba haka ba ne. Fuskokin nan da hannu aka zana su.

Dalilin kuwa shi ne injinan ɗab'i na Tarayyar Sobiyet a lokacin ba sa iya fitar da hoton kyamara da kyau a girman fastar da za a liƙa a bango. Sai 'yan'uwan suka haɗa wata na'urar haska hoto. Su ɗauko hoto guda daga cikin fim, su haska shi a bango, su ƙara masa girma ko su karkata shi, sannan su bi shi da fensiri, inuwa bayan inuwa, har kunci da ƙwayar ido su fito kamar na gaske. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni a aikinsu.

Dubi fastar da suka yi wa fim ɗin darakta Dziga Vertov a 1929: mace ta lanƙwashe baya, dogayen benaye sun miƙe sama, rubutu yana kewaya ta kamar gammo. Ga alama wannan tsari idon masu tsara dandalin wasan kwaikwayo ne, domin sun yi shekaru suna wannan aiki a gidan wasan Kamerny na darakta Alexander Tairov.

Georgii ya rasu a haɗarin babur a 1933. Vladimir ya rayu har 1982.