Sakan 59 ba shawara ba ce

Kiran da wasu likitoci ke yi a Amurka, na a soke sharaɗin zaman shawara kafin a yi wa mutum gwajin kansar huhu, ya ɓata min rai, domin abin da suke so a soke ba a taɓa aiwatar da shi yadda ya kamata ba.

Masu bin wannan batu sun san tushensa. A 2015 hukumar da ke kula da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ta amince za ta biya kuɗin hoton CT na huhu, wato hoton cikin ƙirji da na'ura ke ɗauka, ga masu manyan shekaru da suka daɗe suna shan taba, amma da sharaɗi: sai likita ko wani ƙwararren ma'aikacin lafiya ya zauna da mutumin, ya faɗa masa amfani da illa, su yanke hukunci tare. Aka ba zaman lambar biyan kuɗi, G0296. Daga nan kuma wannan lambar ta koma ma'aunin da ake dubawa. In likita ya shigar da ita a kwamfuta, a idon hukuma an yi shawara.

Sai a 2018 masu bincike a Jami'ar North Carolina suka nazarci hirarraki 14 da aka naɗa tsakanin likitoci da marasa lafiya, suka wallafa sakamakon a mujallar JAMA Internal Medicine. Matsakaicin lokacin da aka ɗauka ana maganar gwajin sakan 59 ne. A ma'aunin OPTION, wanda ke auna yadda likita ya jawo mara lafiya cikin yanke hukunci, an samu maki 6 cikin 100. Duk likitocin sun ce a yi gwajin, kuma kusan babu wanda ya yi bayanin illarsa. Hira 14 ba yawa ba ce, na yarda, amma ta nuna a fili cewa lamba a takarda ba ta faɗin abin da ya gudana a ɗaki.

Illar kuwa ba ƙarama ba ce. Babban binciken da aka dogara da shi, NLST, ya ƙunshi mutum sama da 53,000, kuma a 2011 ya nuna raguwar mace-macen kansar huhu da kashi 20 cikin 100. Wannan gaskiya ne, ba na raina shi. Amma in aka mayar da shi harshen da dattijo zai gane, ma'anarsa ita ce cikin mutum 1,000 da aka gwada, kusan 3 ne gwajin ya tserar daga mutuwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan sun nuna wani tabo, kuma sama da kashi 96 cikin 100 na waɗannan tabban ba kansa ba ne. Bayan kowane tabo akwai mutumin da zai yi watanni cikin fargaba, a sake masa hoto, wani ma a soka masa allura a ƙirji a ciro nama. Mai shekara 70 da ke fama da ciwon zuciya yana da haƙƙin ya ji wannan ya ce a'a. Wani kuma ya ji ya ce a yi. Duka biyun sun yi daidai, matuƙar sun san abin da suka zaɓa.

Masu son a soke sharaɗin suna cewa shi ne ya sa waɗanda ke zuwa gwajin ba su kai ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanta ba, kamar hirar minti ɗaya ce ta tare wa miliyoyin mutane ƙofar asibiti.

Akwai kuma masu ganin an gama magana in an miƙa wa mara lafiya takardar tambayoyi, irin su SDM-Q-9 mai tambaya tara ko CollaboRATE mai uku. Ana tambayarsa ko an saurare shi, ko an yi la'akari da abin da ya dame shi. Galibi maki mai yawa yake bayarwa. To ina mamaki? Mutumin da likita ya yi wa fara'a zai ce an kyauta masa, ko da ya fito bai san cewa hoto na iya nuna tabon da ba komai ba. Wannan ladabin likita yake aunawa, fahimtar mara lafiya tana can ba a taɓa ta ba. Kuma mu da muka tashi da kunyar musa wa likita, mun san yadda irin wannan takarda za ta cika da "eh" a asibitocinmu, musamman a ranakun da ake yi wa maza gwajin jini na PSA, mai neman alamar kansar prostate, kyauta ba tare da an gaya musu abin da zai biyo baya ba.

Abin da ya kamata a auna a bayyane yake. Bayan zaman, a tambayi mutumin da kansa: yawancin tabban da ake gani kansa ne ko kuwa? Ka san kana iya ƙin gwajin? Sannan a duba ko hukuncin da ya yanke ya yi daidai da abin da ya ce ya fi damunsa. Lokaci-lokaci kuma a naɗi hira da izininsa, wani na waje ya saurara. Medicare ta sassauta ƙa'idojin zaman a 2022, har ta buɗe ƙofa ga ƙarin ma'aikatan da ba likitoci ba su gudanar da shi. Ba ni da ja a kan haka. Amma ya kamata ta daina biyan kuɗi kan lambar G0296 ita kaɗai, har sai an nuna mata abin da mara lafiyar ya fahimta.