Ƙannena, Ku Daina Rantsuwa A Kan Abin Da Ba Ku Sani Ba

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ƙannena na nan Bauchi. Maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, amma abin da na gani a makon nan ne ya ƙure haƙurina.

Bayan magariba wasu fitilu suka bayyana a sama, a jere, ɗaya na bin ɗaya, suna tafiya ba ƙara har suka ɓace. Mutane da dama sun gani, daga Yelwa har Wunti. Kafin na isa teburin mai shayin unguwarmu an riga an gama shari'a an yanke hukunci. Wannan ya ce makami ne Amurka ke gwadawa a kanmu. Wancan ya ce aljanu ne ke ƙaura. Wani yaro da na san ɗalibin jami'a ne ya dire kofinsa, ya ɗaga yatsa sama, ya ce wallahi tallahi alamar tashin duniya ce, wani malami ya faɗa a waya. Na ce, ƙanena, wane malami? Ya shiga lalube a wayar, yana ja da babban yatsa sama da ƙasa. Bai samo ba, kuma bai janye rantsuwar ba.

Fitilun nan kuwa taurarin ɗan'adam ne na Starlink, mallakar kamfanin SpaceX na Elon Musk. Ana harba su da yawa a roka ɗaya, sai su yi kwanakin farko suna tafiya a jere kafin kowanne ya haura ya kama gurbinsa a nisan ɗaruruwan kilomita daga ƙasa. Hasken rana ne ke dukan jikinsu a can sama bayan mu nan ƙasa rana ta faɗi mana, shi ya sa ake ganinsu bayan magariba ko gabanin asuba. Intanet ɗinsu ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, mu ne ma ƙasar farko a Afirka da ta samu.

Rashin sanin wannan ba laifi ba ne, babu wanda aka haifa da ilimi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙarfin halin. Mutum bai sani ba, bai tambaya ba, bai karanta ko layi ɗaya ba, amma zai buɗe baki da sunan Allah ya yanke hukunci. Rashin sani ya fi dare duhu, to ina ga wanda ke cikin duhun yana rantsuwa cewa shi ne mai nuna hanya?

Cutar nan iri biyu ce a cikinmu, kuma uwarsu ɗaya. Akwai mai haɗiye duk abin da aka turo masa a WhatsApp. Akwai kuma mai ganin wayewa ita ce ya ce wa komai “ƙarya ce”. Na biyun nan ya fi ba ni takaici, domin yana ɗaukar kansa mai wayo. Ka ce masa an je wata, ya ce ƙarya ce, fim aka haɗa. Ka tambaye shi hujja, ya ce ai kowa ya sani. Wane ne kowa? Ran 20 ga Yulin 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka wata. Daga nan zuwa 1972 mutum 12 ne suka yi tafiya a kansa, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382, waɗanda masana na ƙasashe daban-daban suka bincika. Sun bar madubai a can da har yau ake haska musu haske daga nan a auna nisan watan, kusan kilomita 384,000. Tarayyar Sobiyet, wadda ke gasa da Amurka kamar su cinye juna a lokacin, tana da na'urorin bin sawun kumbon, ba ta kuma ce ƙarya ba ce. A 2021 kumbon Indiya mai kewaya wata ya ɗauko hoton wurin da Apollo 11, kumbon su Armstrong, ya sauka. Indiya ɗin da kanta ta sauke nata kumbon a kusa da kudancin wata ran 23 ga Agustan 2023, Sin kuma ta ɗebo ƙasa daga bayan wata ta kawo gida a 2024. Duk waɗannan ƙasashe da ba sa ga maciji da juna sun haɗa baki ne don su yaudari majalisarku? Kai da ba ka taɓa leƙa madubin hangen nesa ba, da me ka ƙaryata su?

Kuma wanda ke cewa babu wani tauraron ɗan'adam, duk zuƙi-ta-malle ce, shi ne za ka gani da daddare a gidan kallon ƙwallo ya biya kuɗinsa yana ihu. Farantin da ke bisa rufin nan me yake kallo, da aka kafe shi wuri ɗaya, iska ta ɗan karkata shi hoto ya ɗauke? Tauraro yake kallo a nisan kusan kilomita 36,000, wanda ke juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake wuri ɗaya a wurinmu. Taswirar da ke wayarka mai nuna maka hanyar Gombe ko Azare, da taurarin GPS take aiki. Kana cin moriyar abu da hannunka, kana ƙaryata shi da bakinka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Inda abin ya fi yi mini zafi shi ne idan aka yafa wa wannan ƙarfin hali rigar addini. Sai ka ji yaro ya ce duk wanda ya yarda an je sama ya yi saɓo. Wa ya ba ka wannan fatawa? Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya tun 1985. A 2007 Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa cikin watan azumi. Tashar nan tana kewaya duniya sau 16 a kwana ɗaya, rana ta fito ta faɗi sau 16, to yaya zai yi sallah, ina alƙibla? Malaman ƙasarsa ba su ce ƙarya ce ba. Zama suka yi da masana kimiyya suka fitar masa da ƙa'idoji. Haka masu ilimi ke yi. Addininmu ne ya ce kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya duk za a tambaye ka a kansu. Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwar ne, shi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Yana cikin jimamin ɗansa, amma bai bar kuskure ya zauna a zukatan mutane ba. Mu kuwa wata ya yi zazzaɓi, kafin gari ya waye mun ɗaura shi a wuyan wani shugaba ko wata annoba, alhali masana sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ya faru.

Za ku ce ai hira ce kawai, ra'ayi ne, kowa da nasa. Magana zarar bunu ce, ƙannena. Ku tambayi iyayenku daren Agustan 2014, lokacin Ebola, da waya ta riƙa kuka tsakar dare ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An tashi yara cikin barci ana sheƙa musu ruwa, tsofaffi masu hawan jini suka ɗirki gishiri, wasu suka kwana a asibiti, aka kuma rasa rayuka. Kowane mai bugo wayar nan yana ganin taimako yake yi. A 2020 aka ce fasahar sadarwar waya ta 5G ce ke kawo korona, alhali sai 2022 aka fara sayar da ita a Najeriya. A farkon 2025 masana suka ce wani dutse da suka sa wa 2024 YR4 yana da yiwuwar kusan kashi 3 cikin 100 ya faɗo duniya a 2032. Nan da nan aka mai da shi “NASA ta sa ranar tashin duniya”, wato hukumar sararin samaniyar Amurka. Cikin 'yan kwanaki aka ƙara aune-aune, yiwuwar ta sauko kusan babu. Wa ya turo muku wannan gyaran? Babu. Labarin tsoro kowa na rige-rigen turawa, gyaransa kuwa maraya ne.

Ban ce ku yarda da duk abin da Bature ya faɗa ba. Muna da dalilin yin hattara. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Amma waɗanda suka bi kadin yaran nan da takardu da shaidu da kotu suka bi, shekara da shekaru, har aka kai ga sulhu a 2009. Wannan shi ne zargi na mai hankali, wahala gare shi. Naku kuwa ba ya cin ko minti ɗaya.

Abin mamaki ma, wannan shakkar taku tana da zaɓe. Mai cewa zuwa wata ƙarya ce, shi ne ya kwashe watanni yana dangwalar fuskar waya dare da rana wai yana haƙar kuɗin intanet, bai taɓa tambayar wa zai biya shi ba, kuma daga ina. Shi ne ke zuba kuɗin cefanen gidansu a cacar ƙwallo. A nan ba ya cewa ƙarya ce. Ga kuma sabuwar fitinar zagin manya a ƙasan rubutu, yaro ɗan shekara 20 yana ce wa farfesa jahili. Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta zo, ana haɗa bidiyon mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, da muryarsa da motsin bakinsa. Da muna cewa gani ya kori ji. Yau ganin ma sai an tantance shi, ku kuwa ko jin ba ku tantancewa.

Kuma fa ilimin nan ba a bayan duniya yake ba. Najeriya na da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta harba tauraronta na farko NigeriaSat-1 a 2003. Ɗaya daga cikin cibiyoyin hukumar, mai nazarin aune-aunen doron ƙasa da motsinta, a Toro take, cikin jiharmu, a hanyar Jos da kuke bi. Mutum nawa a cikinku suka san da ita? Ga jami'ar ATBU a cikin gari, da malaman da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan fannoni. Matambayi ba ya ɓata. Ku tambaya mana. Ku yi shiru idan ba ku sani ba, shirun bai taɓa rage wa kowa daraja ba.

Wallahi ina kewar mutanen da. Kakanninmu ba su da waya, amma sun san samansu. Tsoho zai nuna maka Zara kusa da wata, ya nuna maka Gamzaki da asuba, ya nuna maka Kaza da 'ya'yanta. Malaman zaure suna lissafin taurarin damina, kowanne da kwanakinsa, su ce yau Zira'a ta shiga, Ɗarfa na tafe, manomi ya san inda ya kwana. Da idonsu suka lura, shekara bayan shekara, suka riƙe. Idan kuma aka kai inda saninsu ya tsaya, malami mai farin gemu zai sunkuyar da kai ya ce Allahu a'alamu, ba ya jin kunya. An ruwaito Imam Malik da kansa, a yi tafiya mai nisa a zo masa da tambayoyi, ya ce wa da yawansu bai sani ba. A lokacinmu ma, yaro ba ya sa baki a majalisar manya sai an tambaye shi, kuma kalmar wallahi nauyi ne da ita, sai a gaban alƙali ko a kan babban al'amari. Yanzu ta zama abin buɗe hira. Dattijo ya yi gyara, sai a ce baba bai san zamani ba. Ƙananan yara 'yan sakandare kuma suna gefe suna sauraro, gobe su shiga aji malamin kimiyya na bayanin yadda duniya ke kewaya rana, su kuma suna raɗa wa juna cewa yayansu ya ce duk ƙarya ce.