Injin gado a Detroit, da Peugeot ɗinmu ta Zariya

Duk wanda ya taɓa zama a bencin bakanike a Tudun Wada ko Sabon Gari ya san kukanmu ɗaya ne: "Oga, motar nan ba ta ja." Ƙarfi muke nema. To ni a nan jihar Michigan ta Amurka na ga mutum ya zuba kuɗi masu kauri don a rage wa injinsa ƙarfi, kuma a wurin aikin ne aka yaɓa mini maganar da har yau take ci mini rai.

Maƙwabcina ne, Bature. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa inji a gareji, ɗaure kan karagar ƙarfe, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Chevrolet ne mai silinda 8, wanda suke kira 350, wato lita 5.7, irin wanda ya fara fitowa a Camaro a 1967. Marigayin ɗan tsere ne, irin tseren miƙaƙƙiyar hanya da bai fi mita 400 da 'yan kai ba, motoci biyu su tashi tare, kafin ka gyara tsayuwa an gama. Shi kuwa ɗan so yake ya saka injin a tsohuwar motar gidansu, ya ɗauki 'ya'yansa su shiga jerin titin Woodward, bikin tsofaffin motoci da ake yi duk watan Agusta tun 1995. Ranar za ka ga tsofaffi sun jera kujerun naɗewa a bakin titi tun da safe, ana gasa nama, motocin da suka girme ni suna wucewa a hankali suna ƙyalli, kowa ya buɗe bonet yana jiran a yaba.

Sai dai irin wannan inji ba ya zaman gari. Kamar ka ɗauko dokin sukuwa ne ka ce ya bi jerin Hawan Daushe taku ɗaya-ɗaya. Marigayin ya saka fistin masu doro, suna matse iska da mai har sau 12 da rabi kafin fulogi ya kunna, kuma wannan sai man tsere mai lamba 110, alhali mafi kyawun man gidan mai a nan 93 ne. Ka zuba masa na gari, zai yi ta ƙwanƙwasa har fistin ya ƙone. Kamshaf ɗin yana barin bawul a buɗe tsawon lokaci, abin da ke da daɗi idan an take totur har ƙasa, amma a silo sai jijjiga kamar zai mutu, kuma ba ya ba da zuƙar iskar da birki ke dogaro da ita. Ka zo danja ka taka, ka ji birki ya sandare. Kabureta ta yi girma, fulogi na yin baƙi. Lagireto ɗan ƙarami ne, tunda tseren na daƙiƙoƙi ne, a gosulo kuwa sai obahitin.

Na raka shi shagon da aka yi aikin. Ƙasan wurin fes, fitilu farare, kowace sifana da gurbinta a bango. Sun sauya fistin zuwa masu shafaffen kai, matsin ya sauko 9 da rabi. Sun saka kamshaf mai sanyin hali, suka cire kabureta mai lamba 850 suka kawo 650, suka dasa wa bawul mazauni mai tauri saboda tun 1996 aka hana man da ke da darma a titunan Amurka. Sannan suka kai injin wani ɗaki mai tagar gilashi, suka ɗaure shi kan na'urar awo, kwamfuta na zana ƙarfinsa a allo. An yi asarar dawakai da yawa, wato ma'aunin ƙarfin inji, maƙwabcin nawa kuwa sai murmushi yake, domin yanzu injin na silo lafiya lau.

Mai shagon ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Najeriya. Sai ya yi dariya ya ce ai ya gan mu a YouTube, mu ne masu kwance inji a cikin rairayi a gindin bishiya. Na yi yaƙe kawai. Da a gida ne da ya ji amsa.

Amsar ita ce, abin da suka yi da kwamfuta, kanikawanmu kullum shi suke yi, da kunne. Bakaniken Babanmu dogon sukudireba yake kafawa a jikin inji, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya gaya maka silinda ta nawa ce ke kuka. Idan aka zuba wa mota man bumburutu ta fara ƙwanƙwasa, distiributo yake juyawa kaɗan ya ja wutar baya, ta yi shiru. Mene ne wannan in ba daidaita inji da man da ake da shi ba? Motar da aka ƙera don sanyin Jamus, wa ya koya mata zafin Afrilu a hanyar Funtuwa da kaya har saman rufi? Su waye suka riƙa mayar da mota mai injekta ta koma kabureta don talaka ya iya gyara ta a ƙauye, yanzu kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 suke koyon haɗa ta da gas? A ba mai shagon nan Golf ɗin haya da ta yi shekara da shekaru tana zirga-zirga tsakanin Kwangila da Kano, a ɗauke masa wuta, a hana shi odar kaya ta intanet, mu ga ranarsa.

Ba na cewa ba mu da laifi. Cire tamostat da haɗa fanka dairek da ake yi wa kusan kowace Beljiyam ɓarna ce, inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai shan mai da saurin cinyewa. Kuma ba ma rubutu. Marigayi mahaifin maƙwabcina ya bar ɗan littafi mai maiƙo, duk awon da ya yi wa injin yana ciki, shi ya sa ba su yi lalube ba. Namu yana cikin kan oga, ranar da ya faɗi ya tafi da abinsa. Amma wannan ai rashin hali ne da rashin gata, ba rashin ƙwaƙwalwa ba.

Abin da ya fi tsaya mini ma ba kanikanci ba ne. Su sun ajiye, mu ba ma ajiyewa. Da inji ne irin wannan a wurinmu, kafin sadakar arba'in an kira dillali ya yi masa kuɗi. Peugeot 504 ɗin marigayi Babanmu, haɗin Kaduna, daga masana'antar Kakuri da ta fara aiki a 1975, tana nan gindin darbejiya a gidanmu na cikin birni, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da ita aka kai mu makaranta, da ita aka ɗauko amaren gidan. Injinta lita 2 ne mai silinda 4, ba ya buƙatar a rage masa komai, ringin kawai yake so da gaskit. Kwanan baya Yaya ya kira ni wai 'yan gwangwan sun taya, kuma tana tare wuri.

Na ce, "Yaya, don Allah a dakata. A kira masana su yi mata ƙima, ni zan biya, a raba wa kowa haƙƙinsa har su Inna."

Ya ce, "Kai da kake Amurka, me za ka yi da akwala? Zuwa ma sai ka ga dama."

Shari'a ba ta hana magaji ɗaya ya sayi kason 'yan uwansa ba idan sun yarda, wannan na tabbata. Al'adarmu ce kawai ta ɗauki duk abin da ya tsufa a matsayin tarkace, sai in Bature ya goge nasa mu ce sha'awa. Na riga na tura kuɗin sabon batir da na janwe, kuma na ce a nemo yaron da ya koyi aiki a hannun bakaniken Baba, an ce yanzu yana da garejinsa wajen Ɗanmagaji. Sharaɗina guda ne, kada ya taɓa mini tamostat. Yaya dai har yanzu bai ce ya amince ba, ya ce sai ya ji ta bakin sauran.