Ba aljanu ba ne, ƙwayar ce

Daren wata Laraba cikin hunturun da ya wuce, ina haɗa wa yara kayan makaranta, ƙanwata ta kira ni ta bidiyo daga Kano tana kuka. Ko gaisawa ba mu yi ba ta juya wayar. Ɗanta ne mai shekara 15 zaune kan tabarma, wuyansa ya karkace ya sandare, idanunsa sun kafe sama, harshe a waje, yawu yana zuba. Malami na gefe yana tofi, hayaƙin habbatussauda ya turnuƙe ɗakin. Ta ce, "Yaya, sun dawo. Wannan karon sun fi ƙarfi."

Na tambaye ta yaushe aka canja masa magani. Ta ce shekaranjiya. Ta ɗauko 'yar farar leda, babu suna a jiki, sai layi biyu da aka ja da biro, safe da dare. A takardar asibiti muka ga sunan: halofaridol, wanda aka fi sani da Haldol.

Ni ba likita ba ce. Amma na taɓa zama a wani taron iyaye a nan Ingila inda wata mai haɗa magunguna ta siffanta mana wannan abu daidai kamar tana ganin yaron. Irin waɗannan magunguna sukan ɗaure tsokar wuya da ido da harshe a kwanakin farko na fara su ko ƙara su, kuma samari maza ya fi kamawa. Na ce mata ta ɗauke shi yanzu yanzu zuwa asibiti, ta riƙe ledar a hannu. Allura ɗaya aka yi masa, kafin awa ta cika wuyan ya saki. Aka rage masa ƙwayar, aka haɗa masa da Artane, maganin da ke hana tsoka ɗaurewa.

Tun la'asar yaron nan yake cikin azaba, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, ya kasa magana. Jimla ɗaya tak a ranar da aka rubuta maganin ta isa: in kin ga wuyansa ya sandare, maganin ne, ki dawo da shi. Ba a faɗa ba. Wannan ne ya hana ni barci.

Bari in faɗa muku yadda ake canja wa yaro magani a nan, don ɗana ma yana sha. Shekarunsa 10, yana da abin da likitoci ke kira ADHD, wato kasa tsayar da hankali wuri ɗaya da ƙiriniyar da ta wuce ta yarinta. Ranar da za a ƙara masa Concerta, maganin ADHD ɗin da yake sha, kafin mu ga likita sai da nas ta sa ya cire takalmi, ta auna tsawonsa da nauyinsa, ta ɗaura masa ƙaramin awon jini na yara, ta ƙirga bugun zuciya, ta ɗiga komai a jadawalin girma. Ƙa'idar NICE ce, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya: yaro mai shekara 10 zuwa ƙasa a auna nauyinsa duk wata 3, tsawo duk wata 6, jini da bugun zuciya kuma kafin canjin ƙwaya da bayansa. A ɗakin likita akwai ƙaramin tebur da fensiran kala. Likitar ta juyar da kujerarta ta fuskanci yaron, ni ta bar ni a gefe, ta tambaye shi yadda abinci yake masa a baki da rana, da ƙarfe nawa barci ke ɗaukarsa. Ya ce abincin makaranta ya koma masa kamar kwali. Ta rubuta haka, da kalmominsa. Sannan ta juyo gare ni ta lissafa: cin abinci zai ragu, barci zai iya jinkiri, kai zai iya ciwo, da yamma in ƙwayar ta fara sakinsa zai iya yin ƙunci. Ta ware waɗanda zan jure wa na 'yan kwanaki da waɗanda zan kira a take, irin ciwon ƙirji ko suma. Ta ba ni lambar waya da takarda. Akwai ma tsarin da suke kira Yellow Card, tun 1964, inda uwa da kanta za ta iya kai rahoton illar magani ga hukuma.

Na san abin da za a ce: kin samu wuri kina zagin gida. Nan ɗin ma ba aljanna ba ce. Kusan shekara biyu muka yi a layi kafin a duba ɗana. A ƙarshen 2023 magungunan ADHD suka yi ƙaranci a faɗin ƙasar, na yi ta zaga kantunan magani cikin ruwan sama da takarda a hannu. Na kuma san likitan gida yana da layin mutane har bakin ƙofa, wasu daga ƙauye tun asuba, kuma abokan karatunsa da yawa suna nan suna duba mu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 aka ji labarin Buhari ya sa mata hannu, ta maye gurbin ta 1958. Duk na yarda. Amma rubuta sunan magani a jikin leda ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Faɗa wa uwa abin da za ta iya gani ba ya cin minti biyu. Mun saba da cewa tambayar likita rashin kunya ce, shi ma ya saba da ba a tambayarsa. Uwar da ba a yi wa bayani ba kuwa dole ta nemi bayani inda za a ba ta, kuma malam yana da lokaci. Ba na raina ruƙiyya, ni ma kullum da Falaƙi da Nasi nake kwantar da ɗana. Sai dai tofi ba ya sakin tsokar da ƙwaya ta ɗaure.

Akwai abin da ban faɗa ba. Shekara uku ɗana yana shan magani, babu wanda ya sani a gida. Ina tsoron a ce Turai ta lalata mini yaro, ina tsoron kalmar nan da kuka sani, wadda in ta manne wa yaro har ranar neman aurensa tana nan. Da muka je Babbar Sallah na ɓoye kwalin a ƙasan akwati, ina ba shi a ɗaki da asuba. Hajiya ta kalle shi ta ce, "Me kuke ba yaron nan a can? Duk ya zama ƙashi." Ta tsare shi da fura da nono da sassafe, da dare kuma tuwo da man shanu, tana zaune sai ya cinye. Abin da likitar ta ce in yi ke nan, abinci mai nauyi kafin ƙwaya ta kama shi da bayan ta sake shi, ni kaɗai na kasa. A wata ɗaya kumatunsa suka dawo. A nan ina da takarda da lambar waya da jadawali, amma ƙarfe ɗayan dare in ya kasa barci, ni ce kawai a bakin gado, sai ƙarar na'urar ɗumama ɗaki.

Da ƙanwata ta san ɗana na shan irin wannan magani, da tun ranar da aka canja wa nata za ta turo mini hoton takardar.

Bayan kwana biyu na kira ta na faɗa mata komai. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ta ce, "Haba Yaya, shekara uku?" Sai ta ce in turo mata tambayoyin da nake yi wa likita, za ta rubuta a takarda ta tafi da su ranar Litinin. Hajiya dai har yau ban faɗa mata ba.