Wai kurciya anka yi mani

A garin ga namu na Maradi in anka ji mutum ya hau jirgin sama ba a cika tambaya ba, an san ko Makka ya tahi, ko Dubai ko Cana ko Istambul saro kaya, ko kuwa Allah kiyaye jiki ne ya ƙi anka kai shi asibiti Masar ko Tunus. Kuma kowane in ya dawo akwai shaida, ko haƙorin Makka da zamzam, ko kwantena tana bisa hanya, ko ledar magani. To ni damuwata ina tahiya kuma ina dawowa da jikkar da na tahi da ita, ƴar jikkar goyo mai kwamfuta da caja da riga biyu, wallahi da sata nike da na hi samun sauƙin bayani.

Asalin abun aiki ne. Injinan awon jini na asibiti nike gyara, kamfanin da nike ma aiki shina Yamai kuma suna da kwangila ƙasashe da dama, in inji ya tsaya Lome ko Abijan ko Wagadugu sai patron ya bugo ya ce gobe ka tashi. Shi ko "gobe ka tashi" ga mutumin Maradi ba ƙaramar magana ba ce, tunda jirgin waje ba ya sabka hilinmu, sai ka shiga bas ka kwashe kilomita sama da 600, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kahin ka ga hilin jirgin Diori Hamani na Yamai, ko kuma ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ka kama na Kano in iyaka tana buɗe, don mun ga ruhewa a 2019 mun sake gani a 2023. Watau yini guda ina girgiza cikin mota don in yi awa ɗaya da ƴan kai a sama, kuma duk inda za ni kusan sai an bi da ni Lome tunda can ne cibiyar kamfanin jiragen ASKY tun 2010.

Har nan kowa ya gane, aiki aiki ne. Inda abun ya lalace wata rana ce wata ma'aikaciya wajen awon kaya ta dube ni ta ce Misye kai kullum kana nan ba ka da kati? Na ce katin mi. Ta cika mani wata takarda, shi ke nan na shiga uku. Ga wanda bai sani ba, duk hawan da ka yi suna rubuta maka maki gwargwadon nisa da irin tikitin da ka yanka, in sun taru a ba ka katin azurfa, in sun ƙaru a ba ka na zinari, da shi kake shiga falon manya mai kilima da shayi da abinci kyauta, ba ka bin dogon layi, kuma a ƙara maka akwati guda mai kilo 23. Manyan kamfanoni ma ƙungiya gare su, kamar Ethiopian da Turkish da ke cikin Star Alliance, katin ɗaya shina aiki wajen ɗaya. Sai dai katin ba gado ba ne, shina da wa'adi, in lokaci ya cika makinka bai kai ba su maida ka cikin talakawa ba ko sannu.

To wani ƙarshen shekara na duba tarho na ga saura kaɗan, ɗan kaɗan wallahi, kuma duk injinan Afirka ta Yamma sunka haɗa baki sunka ƙi lalacewa. Na yi jira na yi jira, ba wanda ya kira. Sai na ciro kuɗɗina na aljihu na yanki tikiti mahi arha, na tahi Lome da sahe, na hita waje na sha iskar teku daga bakin hilin jirgi, na ci wani burodi, na koma ciki na hau na dawo. Katin ya tsira. Ni kuma tun ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba.

A fada na fara ba da labarin, da alfahari ma na ba da shi, ana zagaye na biyu na shayi. Shiru ya biyo baya. Akwai abokinmu Alhaji mai saida atamfa a babbar kasuwa, shi ya aje kofinshi a hankali ya ce tsaya tsaya, makin ga ana saida shi? Na ce a'a. Ana ba da shi jingina? A'a. To in ka mutu magada za su raba? Na ce ban tabbata ba. Ya ce kuma ka ce sun ƙara maka kilo 23 bisa wanda kowa ke da shi, mi ka sa ciki? Na ce ba komi, ni ba ni auna kaya, jikkata nike goyawa. Wallahi mutumin ga sai da ya tuɓe hula ya dafe kai, ya ce shi shekara nawa shina roƙon ƴan awo su yahe mashi kilo biyu, har takalmi uku ya taɓa sawa cikin aljihun babbar riga, ga wani Allah ya ba kilo banza shina kai iska Lome shina dawowa da iska. Ya ce wannan ba almubazzaranci ba ne, cin amanar Maradi ne gaba ɗai.

Wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zama da mu, wanda duk maganar jirgi sai ya kawo Air Afrique ko da yake kamfanin ya mutu tun 2002, shi ya yanke hukunci, ya ce yara ku bar wahal da kanku, banza ba ta kai zomo kasuwa, akwai abin da bai hwaɗa muku ba. Kahin sati labari ya gama unguwa. Wasu sun ce zinari nike hitarwa, tunda an samu zinari wajen Ɗan Isa a 2021 kuma an ji na ambaci katin zinari, kun ga an haɗa lissahi. Wasu sun ce leƙen asiri nike ma gwamnati, wasu sun ce ma wata gwamnatin. Ɗan kabu-kabun da ke kai ni tasha ya koma ce mani mon kolonel kuma ya ƙara kuɗɗin kai ni.

Uwargida ita tata fassarar ɗaya ce tak, mace. Na dawo wata tahiya ina wanka ta zazzage jikkar bisa gado, na hito na iske ta zaune gaban abin da ta samu: ƴan sukari na takarda, gishiri da barkono ƴan ƙanana, tsumman goge hannu mai ƙamshin lemu, safa ɗaya da abin ruhe ido na barci, da cokalin roba har da ledarshi. Ba lambar kowa, ba hoton kowa, ba turaren mata. Ta daɗe tana kallon cokalin sannan ta ce maigida don Allah hwaɗa mani gaskiya, na rantse ba zan yi hushi ba. Na sake kwashe bayanin maki tun daga farko har da nuna mata a tarho, ga layin da ke cika, ga inda ya tsaya. Ta ce nawa ka yanki tikitin, na hwaɗi rabin kuɗɗin, nan take ta maida shi buhun shinkafa da kuɗɗin lakkwal na yara ba ta ko taɓa kalkuleta ba, ta ce gara ma a ce kishiya ce, ko ba komi in san da wa nike kishi, in je in gan ta, amma shayin kyauta?

Ita ce kuma ta tona ma dangi zancen kilo. Tun daga nan duk daren da za ni tahi ƙofar gidanmu ta koma tasha, ga kilishi, ga ƙuli-ƙuli, ga yaji, ga daddawa an naɗe cikin leda bakwai amma tana magana, wai a kai ma ɗan ƙanwar maƙwabciyar gwaggo, shina zongo a Lome, ba lamba, in ka je ka ce dogon nan mai saida agogo kowa ya san shi.

Sai maganar masu kaki. Ba zan hwaɗi wace iyaka ba ce don gobe ma nan za ni bi. Na miƙa fasfo da katin rigakahin shawara mai ruwan ɗorawa, mutumin ya fara buɗa shafi, shina lasar yatsa shina buɗawa, tambari bisa tambari har wani ya hau wani, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya ce sana'a? Na ce gyaran injin asibiti ranka ya daɗe. Ina injin? Na ce shina can inda ya lalace. Ina kayan gyaran? Na nuna kwamfuta, na ce yawanci da ita ake yi, sukuddireba ma ba a bari a shiga da ita jirgi. Bai ce komi ba, ya ci gaba da buɗawa har ya kai shafin nan, ya sa yatsa, ya matso da shi kusa da ido, shiga da hita rana guda. Ya ce wannan wane irin inji ne anka gyara cikin awa huɗu har da cin abinci?

Nan ne ya kamata in ce taro ne na je, kowa na yarda da taro, amma bakina ya riga ni, na ce shef maki na je cikawa. Ya ce makin mi, jarabawa kake? Na fara bayani, azurfa, zinari, ina kai ga zinari ya ɗaga hannu ya kira na biyu, na biyu ya kira wata madam mai igiya bisa kahwaɗa, anka shiga da ni wani ɗan ɗaki anka zazzage jikkar, ga sukari ga cokalin roba sun sake hitowa bainar jama'a. Sun ce ina zinarin, na ciro katin na aje bisa tebur, madam ta ɗauka ta juya shi ta lanƙwasa ta ƙwanƙwasa da farce ta ce wannan ai roba ce. Na ce e roba ce. Ta ce watau ka biya kuɗɗin jirgi zuwa da dawowa don kar a amshe maka roba. Na ce in an taƙaita haka ne. Ta dubi abokan aikinta ta ce ku sallame shi, mai laihi ba ya ƙirƙiro ƙarya maras daɗi haka, sannan ta ce mani da murya ƙasa-ƙasa, Malam kana da iyaye da rai? Ka je su yi maka addu'a.

Ba ta san Inna ta riga ta ba. Inna ba ta taɓa tsayawa sauraren zancen maki ba ma, da na fara take cewa kai yaron ga rufa mani baki, tunda ni ɗan fari ne ba ta kama sunana. Ita kakanta da ƙahwa ya tahi Makka ta Cadi da Sudan, shekaru ya yi, kuma ya dawo da dalili. Don haka mutum ya kasa zama gidanshi, ƙahwa na ƙaiƙayi, ya je gari bai gaida kowa ba ya juyo, wannan sunanshi ɗaya a wajenta, kurciya anka yi mani, kuma ta san wanda ya yi, wani ɗan'uban babanmu ne da sunka yi rigimar gona wajen Tibiri tun ban yi wayo ba.

Ta je wajen malaminta anka yi rubutu anka wanke, ta cika gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, baƙi ƙirin, ta ce in sha da sahe da dare kwana bakwai kuma kada in kuskura in bar shi gida. Na amsa da to. Na cusa gorar cikin jikka na manta da ita sarai har na zo wajen na'urar bincike, inda doka ta ce ruwa kada ya wuce mililita 100. Jikka ta shiga ta hito anka ja ta gehe. Yaron da ke wurin ya ɗaga gorar sama shina kallon baƙin ruwa na motsi, ya ce wannan fa? Na ce rubutu ne. Bahaushe ne, nan take ya sauke ta da hannu biyu, ya ce Alhaji wallahi ba ni iya jehwa ayar Allah cikin kwandon shara, kuma ba ni iya barin ka wuce da ita, ka taimake ni. Bayana layi ya taru, wani Bature na duba agogo, ana kiran jirginmu a lasifika.

Na yi bisimilla na kahwa kai. Maganin kwana bakwai, ɗanɗanon tawada da ƙaro da ɗan ƙamshin allo, ina sha ina numfashi ina sha, yaron na cewa sannu Alhaji saura kaɗan, wata hajiya cikin layi na cewa Allah ya sa a dace. Na miƙa mashi gorar wayam ya ce Allah ba da lahiya. Ko falon manyan ban leƙa ba ranar, da gudu na shiga jirgi, kujerar taga, mutum biyu masu jiki sun tare ni, kuma muna tashi anka shiga gargada matuƙi ya kunna fitilar ɗamara bai kashe ta ba sai da munka kusa sabka. Abin da na gani cikin awar nan ban yi ma ɗan'uban babanmu fatanshi.

Da na sabka na gama abin da ya kamata na kira Inna. Ta ce ka fara sha? Na ce na shanye duka. Ta yi hamdala ta ce to yanzu kana ina? Na ce Lome. Ta yi shiru, na ji tana ma ƙanwata magana gehe, sannan ta dawo ta ce malam dama ya ce in aikin tsoho ne gora ɗaya ba ta isa, ranar Juma'a za a aiko da jarka, kuma tunda an ce suna ba ka kilo kyauta sai ka auna ta cikin kaya.